Asirin Ilham a Bakin Dela

"Muhaimin... ja fans a tuwa. Kai, ba haka ba ne. Muhaimin, ja... fans... a tuwa!"

Muryar Dela ce.

Ita ce ta cika tsakar gidan Malam Mahamman mai kilishi da ke unguwar Yelwa a Garwa, tana fitowa raɗau daga ƙatuwar sifikar da aka kafa don taron sunan ɗan yayanta. Mata sun fi hamsin a kan tabarmi, kowacce ta tsaya da loma a hannu.

Dela na tsaye a tsakiyarsu ɗauke da tiren shinkafa. 

"Wannan ba Dela ba ce?" in ji wata tsohuwa. "Wane yare take yi haka?"

"Faransanci ne, Kaka!" wata budurwa ta amsa tana riƙe ciki. "Wai so take ta ce tana tunaninsa!"

Sai dariya ta ɓarke.

Dela ta waiwaya. A bakin ƙofar ɗakinsu ta hango ƙanwarta Ilham riƙe da wayar da ta ara a hannunta ɗazu, da sunan za ta saka wa mata kiɗa. Dariya take har da hawaye.

"Ilham, kashe!"

"Wallahi kuskure ne, Yaya Dela, hannuna ne ya taɓa..."

Ba ta rufe baki ba hannun ya sake taɓawa. Muryar ta dawo daga farko.

Sai ga yayansu Siddiƙ, angon ƙarni, ya leƙo daga zaure cikin babbar riga, bakinsa har kunne.

"Wa ke kiran Dokta a cikin gida? Ga shi nan zaune, yana ji da kunnensa!" Ya juya wajen maza ya ɗaga murya. "Dokta Muhaimin, ka ji arziki! Ƙanwata ta ce za ta fanshe ka da tuwo!"

Dariyar mazan ta shigo ta haɗu da ta mata.

Tiren ya suɓuce. Shinkafa ta watsu a ƙasa. Dela ta ture Ilham daga bakin ƙofa, ta faɗa ɗaki ta danna sakata, ta kifa kanta a katifa tana cizon matashi don kada a ji kukanta.

A ɓoye ta ɗauki muryar nan, a bayan madafa, don ta ji ko harshenta ya fara karyewa. Ko madubi ba ta taɓa faɗa wa tana son mutumin nan ba. Yau ga shi duk Yelwa ta sani.

*

Shekara biyu ce tsakanin Dela da Ilham, amma tun suna yara kowa ya raba musu matsayi.

Dela tana aji biyar Inna ta kwanta doguwar jinya, aka cire ta daga makaranta ta riƙe gida. Daga girki ta koma haɗa wa Baba labun kilishi, tunkuza da yaji da citta da kanumfari, har ya zamana in ba hannunta ba ne ya haɗa, masu saye suna ganewa.

Ilham kuwa ta wuce lise, wato sakandare, ta ci bak, jarrabawar kammalawa, ta tafi jami'a a Ngawundere karatun lauya. Ranar da za ta tafi Baba ya yanka rago. Tun daga nan mahauta a kasuwa suka sa masa suna Baban Lauya, shi kuma yana amsawa yana gyara hula.

In baƙi sun zo, Ilham ake kira ta gaishe su.

Dela ake kira ta kawo ruwa.

Duk da haka, ranar da Ilham ta dawo daga Ngawundere wata takwas da suka wuce, a cinyar Dela ta zube tana kuka.

"Yaya Dela, na faɗi. Sau biyu ina maimaita ajin farko, abin ya ƙi shiga kaina. Babu sauran komawa... In Baba ya ji, zuciyarsa za ta buga. Ki rantse ba za ki faɗa ba."

Dela ta rantse. Ita ce ma ta ɓoye takardar sakamakon a ƙarƙashin katifarsu. Mutanen gida kuma aka ce musu wani dogon aikin bincike aka ba ɗalibai su yi a gida.

Wannan ce ƙanwar da ta saka muryarta a sifika.

*

Kwana uku Dela ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. A na huɗu Baba ya ce labu ba zai kai kansa kasuwa ba.

Ta ja hijabi har gira, ta ɗauki bokiti. Da ta isa rumfar, Baba ya tafi sallar azahar. Wanda ta tarar tsaye cikin farar rigar aiki shi ne wanda take gudu.

Muhaimin likitan dabbobi ne, shi ke duba nama a mahauta kafin a fitar da shi. Dogo ne, Bafulatanin unguwar Fulɓere, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ya tashi mai barci.

Ta dire bokitin za ta juya.

"Dela."

"Na'am, Dokta." Idonta na ƙasa.

"Ina jin Hausa, ina jin Fulatanci. Me ya kai ki ga wahalar da harshenki?"



"Duk ranar da na ji kana dariya a kasuwar nan, da Faransanci kake yi," ta ce can ƙasa-ƙasa.



"To bari in faɗa miki da Hausa, don kada ki ce ba ki gane ba. Wata bakwai ke nan ina duba naman Baba sau biyu a rana. Naman nan lafiyarsa ƙalau, Dela. Ni ne ba ni da lafiya."

Ta ɗago da sauri, suka haɗa ido, ta sake sunkuyarwa.

"Ki ba ni izini in zo gida."

"Gidan da aka yi mini dariya?"

"Ni ban yi ba. Tambayi Siddiƙ, kofin shayi ne ya faɗi daga hannuna."

Murmushi ya ƙwace mata. Ta kama gefen hijabi ta rufe baki, ta bar rumfar da sauri har tana mance murfin bokiti.

*

Ya fara zuwa duk Juma'a da Lahadi bayan la'asar. Baba ya yi na'am, Inna ta yi murna, Siddiƙ kuwa kullum ya gan shi sai ya tambaye shi ko an kawo tuwon.

Da hakan kaɗai ne da Dela ta jure.

Ilham ce ke kawo folere, wato zoɓo, mai sanyi zaure. Sai ta ajiye, ta tsiyaya, maimakon ta tashi sai ta gyara zama a bakin tabarma.

"Bonsuwar, Dokta!"

Daga nan Faransanci ya ɓalle. Ita ta faɗa, shi ya amsa, su yi dariya. Dela na zaune tsakaninsu tana kallon bakin wannan tana kallon na wancan, kamar baƙuwar da ta sauka a tashar da ba tata ba. 

Har ƙirga dariyarsa take yi. Wata Lahadi ya yi wa Ilham sau shida. Ita sau biyu.

"Me ta ce maka?" ta tambaya bayan Ilham ta shige.

"Labarin wani malaminsu ne mai barci a aji."

"Shi ne har da buga ƙafa?"

"Haba Delata..."

"Kada ka ce mini Delata! In ita kake so ka faɗa, ɗakinmu ɗaya, ba sai ka canza hanya ba."

"Subhanallahi! Ƙanwata ce fa, ke ce hasken idona. Don ke nake sakar mata fuska."

"To ka ɗaure fuskar, ni ban sa ka ba."

Ya yi ta lallashi har aka kira magariba. Ta huce a gabansa, amma tana shiga ɗaki ta ga Ilham gaban madubi tana gwada ɗan kunne tana 'yar waƙa, sai abin ya dawo sabo.

"Ilham, in Dokta ya zo ki daina zama."

"Au, tsoro kike ji?" Ilham ta kalle ta ta cikin madubi. "Ai taimakonki nake. Mutum ya yi shekaru yana karatu, ya zo a yi ta yi masa hirar tunkuza?"

 Idon Dela ya sauka a kan katifa, ta kawar da kai.

*

Muhaimin maraya ne. Yayarsa Adda Amatullah ce ta raine shi, kuma tun da ta ji 'yar mahauta ce da ba ta gama firamare ba ta ce sai ta gani da idonta.

Ranar da za ta zo, tun da hantsi Dela ke madafa. Ta yi miyar kifin Binuwai, ta soya kaji, ta dama kunun gyaɗa. Kafin ta samu ta watsa ruwa ta canza kaya, baƙuwa ta riga ta iso.

Tana zuwa bakin ƙofar ɗakin Inna da kwanuka a hannu ta ji murya mai cike da fara'a.

"Masha Allahu! Ashe haka ƙanena ya iya zaɓe? Aka yi ta tsorata ni a banza!"

Dela ta ɗaga labule.

Adda Amatullah, mace mai jiki da gilashi da zoben zinariya, tana riƙe da hannun Ilham a cinyarta. Ilham ta sha ado, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ba ta ce ba ni ba ce.

Inna ce ta yi gyaran murya. "A'a Hajiya, wannan ƙanwarta ce, Ilham. Ga Delar nan ta shigo."

Adda Amatullah ta sauke gilashi. Ta dubi Dela daga ɗankwali zuwa yatsun ƙafa, ta tsaya a kan hannayenta da yaji ya rina, wuta ta ƙona.

"Oho," ta ce. "Sannu."

Ba ta saki hannun Ilham ba.

Daidai nan Baba ya yi sallama ya shigo gaishe da baƙuwa. Bayan an gaisa, Adda Amatullah ta gyara mayafi.

"Malam, ni ba na ɓoye magana. Duk 'ya'yanka ne, duk gida ɗaya ne. Amma da za a bi shawarata, mai karatu da mai karatu sun fi fahimtar juna. Wannan me take karantawa?"

Fuskar Baba ta washe duk da nauyin maganar. "Lauya za ta zama, Hajiya. A Ngawundere take."

"Saura shekara nawa, 'yata?"

Ilham ta ɗan saci kallon Dela. Sannan ta ce, "Biyu, in sha Allahu."

Dela ta dire kwanukan da ƙarfi har miya ta fantsama.

"Saura biyu a ina?"

"Dela!" in ji Inna.

"A'a Inna, a bar ni! Ilham, saura biyu a ina? Faɗa musu mana, ko da Faransancin ne!" Ba ta tsaya ba. "Sau biyu ta faɗi ajin farko. Wata takwas ke nan ba ta da aji a Ngawundere. Binciken da take cewa tana yi ƙarya ne! Takardar tana ƙarƙashin katifarmu, in an ga dama in ɗauko!"



Dela ta jira ta ji sanyi a ranta. Ba ta ji ba.

Baba ya cire hularsa a hankali ya ɗora a gwiwa.

"Ilham... gaskiya ne?"

Ilham ta zare hannunta daga na baƙuwa. Ba ta dubi Baba ba, Dela ta duba, da wani irin kallo da Dela ba ta taɓa gani a idonta ba.

"Kin rantse, Yaya Dela," ta ce.

Baba ya miƙe ya fita, ko takalmi bai saka daidai ba.

Adda Amatullah ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Ɗaya maƙaryaciya, ɗaya mai tona asirin 'yar uwarta a gaban baƙo. Allah ya ba ku alheri, Hajiya. Abincin ma na gode."

*

Washegari da sassafe Ilham ta haɗa kayanta. Inna ta sa ta a motar Bibemi, wurin Gwaggo Rukayya, ƙanwar Baba. Ba ta yi wa Dela sallama ba.

Kafin azahar labari ya isa kasuwa. Baba ya dawo gida da wuri, abin da bai taɓa yi ba.

Siddiƙ ya shigo yana huci.

"Kin ji daɗi? Yau a gabana wani ya ce wa Baba ina lauyar taka, mutane suka kwashe da dariya!"

"Au, dariya ba daɗi?" Dela ta miƙe. "Ranar suna wa ya leƙa zaure ya yi shela da ni? Ka taɓa zuwa ka ce Dela yi haƙuri? Ko ni ba mutum ba ce?"

 Siddiƙ ya sosa ƙeya, ya fita.

Da la'asar Muhaimin ya zo. Bai zauna ba.

"Na faɗa wa Adda ke nake so, ba wata ba. Ko mata ɗari ta jera mini, ke ce."

Hawaye ya cika idon Dela. "To ai..."

"Ban gama ba. Dela, jiya na ji tsoronki. Yarinyar nan amana ta ba ki. In gobe ni na ɓata miki, nawa sirrin ma a gaban mutane za ki zazzage?"

"Ka gani ko! Ita kake karewa!"

"Ba ita nake karewa ba. Ke nake jiye wa."

"Ka je ka aure ta mana, yayarka ta riga ta zaɓa maka!"



"An tura mu Cholire rigakafin shanu, sati uku. Ki yi tunani, ni ma zan yi."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Bai ce Delata ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Katifar da kullum suke faɗa a kan wa ta ci wurin wa ta zama fili. Sai ta tsinci kanta tana zuba abinci kwano biyu. Wayarta shiru. In ta tuna Muhaimin sai ta ce ƙila can ma da Ilham yake waya, kishi ya taso mata. In ta tuna kallon Ilham kuma sai kunya ta rufe ta.

Baba bai yi mata faɗa ba, hakan ya fi yi mata ciwo. Sai a rana ta goma, ta kai masa labu ya ɗanɗana, ya ce, "Gishiri ya yi yawa."

Bai taɓa faɗa mata haka ba.

Ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

Ya daɗe yana juya wuƙa a hannu.

"Ita ta yi mini ƙarya don tana tsorona. Ke kin faɗi gaskiya don ki ji mata ciwo. Kwana goma ina tunani, Dela, ban san wadda ta fi ƙona mini rai ba."

Tana fitowa daga rumfar ta tarar da Siddiƙ a kan babur, ya riga ya tayar.

"Hau," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Ni ma da nawa laifin. Bibemi za mu."

*

A gindin bishiyar mangwaro suka sami Ilham, a tsakar gidan Gwaggo Rukayya, tana ɓarar gyaɗa. Ta rame, babu jan baki, babu ɗan kunne. Da ta gan su ta ci gaba da aikinta.

Siddiƙ ya ja Gwaggo suka shige ciki.

Dela ta zauna a ƙasa, ta jawo tire ta fara tayawa. Suka ɓare kusan rabin kwano.

"Kin zo ki ga yadda lauya ta koma?" in ji Ilham.

"Na zo in ce na ci amanarki."

"Kin ci."

"Na sani."

Ilham ta jefa ɓawo gefe. 

"Ni ma da gangan na saka muryarki. Duka biyun."

"Wannan ma na sani. Abin da ban sani ba, me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba, shi ne abin haushin!" Hawaye ya ziraro mata. "Na dawo gida ba ni da komai, Yaya Dela. Ke kina da hannunki, Baba ko ido rufe ya ɗanɗana abu ya san naki ne. Ni kuwa lauyar yake so, ba Ilham ba. Sai kuma na ji kina koyon Faransanci... abu ɗaya tak da na fi ki. Na ce shi ma za ki ƙwace?"

Dela ta saki gyaɗar da ke hannunta.

"Ke... ke kike kishina? Ni da na kwana goma sha biyu ina kuka ranar da aka saya miki jakar lise?"

"Ban taɓa sani ba."

"Ina za ki sani, a madafa nake yi."

 Sannan Dela ta yi tambayar da ta hana ta sukuni tun farko.

"Kina sonsa?"

Ilham ta share ido da bakin zane.

"Na so ya so ni. Ban sani ba ko duk ɗaya ne. Da yayarsa ta riƙe hannuna, na san ya kamata in ce ba ni ba ce. Amma na ce bari in ɗan ji yadda ake ji in an zaɓi mutum... ko na minti biyu." Ta ja hanci. "Shi kuwa, kin san me yake ce mini da Faransancin? Wane launi Dela ta fi so? Me ke sa Dela dariya? Har na gaji. Shi ya sa nake kawo labarin malamai."

Dela ta rufe fuska da tafin hannu. Dariya da kuka suka zo mata tare.

"Muguwa!"

"Ke ce babbar muguwa!"

Ba wanda ya san wadda ta fara jawo 'yar uwarta. Tiren gyaɗa dai ya kife, kaji suka taru a kai, su kuwa suna ƙanƙame da juna suna kuka kamar an yi mutuwa.

Siddiƙ ya leƙo. "To, in an gama, babur ɗina mutum biyu yake ɗauka. Ɗaya sai ta bi motar albasa."

A tare suka jefe shi da ɓawon gyaɗa.

*

Tare suka durƙusa gaban Baba. Ilham ta faɗi komai da bakinta, har da cewa ita tun asali koyar da yara take so, tsoro ne ya hana ta faɗa.

Baba ya share ido da hannun riga.

"Da kin faɗa tun farko, ai Baban Malama ma suna ne."

Kwana biyu bayan haka Ilham ta saka hijabi ta fita ba ta gaya wa kowa inda za ta ba. Gidan Adda Amatullah ta je. Ta ba ta labarin yarinyar da aka cire daga aji biyar don ta riƙe gida, ƙanwarta ta yi karatu, wadda ta riƙe asiri wata takwas ana tsokanarta a gaban saurayinta ba ta tanka ba.

"Ni na tura ta bango, Adda. In akwai wadda ba ta dace da gidanku ba, ni ce."

 Ranar Juma'a sai ga saƙon Adda Amatullah wurin Inna, wai a tambayi Dela ko miyar kifin nan da ba a ci ba tana sake dafuwa.

Muhaimin ya dawo daga Cholire ya yi baƙi, ya rame. A zaure ya tarar da Dela tana jiransa, ita kaɗai.

"Na yi tunanin," ta ce. "Ina da kishi, Dokta, ba zan yi maka ƙarya ba, kuma ban ce zai tafi gobe ba. Amma na ga abin da yake ci. Ba zan ƙara ba shi nawa ba."

Ya zauna a hankali kamar wanda ya sauke kaya.

"Sati uku ina yi wa shanu allura ina kiran sunanki. Wani makiyayi har ya tambaye ni wace saniya ce Dela."

"Kai Dokta!"

"Na yi kewarki, Delata. Wallahi na yi kewarki."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure.

Da yamma motocin kai amarya suka tsaya a ƙofar gidan ango. Mata na guɗa, amma amarya ta ƙi fitowa, don babbar ƙawarta ta riƙe mata hannu gam a kujerar baya.

"Yaya Dela," Ilham ta raɗa mata ta ƙarƙashin mayafi, "har yanzu ina ɗan jin haushinki. Kin yi kyau da yawa."

"Ni ma ina jin naki. Ke za ki koma wurin Inna."

Suka sake fashewa da kuka.

Muhaimin ya gaji da tsayuwa. Ya ture abokansa, ya zo ya sunkuya a tagar motar.

"Ƙanwata, don Allah a ba ni matata mana."

Ilham ta share hawaye. Ta buɗe ƙofa, ta kamo hannun yayarta mai lalle ta ɗora a nasa, amma ba ta saki ba sai da ta dube shi ido cikin ido.

"Ga ta nan, Dokta. In ka sa ta kuka, ni da kai ne. Duk duniya ni kaɗai ke da wannan izinin."